Zaren da Bai Tsinke Ba

"Takarda ta nawa ke nan, Injiniya?" in ji Wakili, yana karkaɗe ruwan lemarsa a bakin zaure. "Ta biyar? Bari ta kai goma, sai mu ba Iya ta ɗinke mana su mu yi littafi."

Matan da ke wanke-wanke a ƙarƙashin baranda suka kwashe da dariya. Ni kuwa na sha gabansa.

"Malam Wakili, ba wasa ya kawo ni ba. Tankin da kuka ɗora a saman benen nan, idan ya cika, ya fi ƙaramar mota nauyi. Ba a yi ginin nan don ya ɗauke shi ba. Kwana uku ke nan ana ruwa. Zo ka ga tsagar da idonka."

"Na gan ta tun kina goye."

"Wancan lokacin kamar silin gashi take."

"Allah ne ke riƙe da gini, yarinya, ba takarda ba."

"Shi ne kuma ya ba ka ido."

Umma ta leƙo daga ɗakinmu. "Ke, shigo ciki. Kullum sai kin tara mana jama'a?"

Gidan haya ne, bene, ɗaki goma sha huɗu, kuma Wakili ne ke kula da shi a madadin mai gidan da ba mu taɓa gani ba. Shekara uku na yi ina karatun gine-gine. Tun da na dawo nake magana a kan tsagar da ta taso daga kusurwar tagar ɗakin ƙarshe ta gangaro har ƙasa. Na rubuta wa mai gida, na rubuta wa ofishin duba gine-gine, na bi ɗaki-ɗaki da zane a hannu. Abin da na samu shi ne suna. Ko yara, in na wuce, sai su kama bango su ce, "A taimaka, zai faɗi." Ba rashin sani ne ke ƙona mini rai ba. Kowa yana ganin tsagar nan. Suna rataye tsumma a kusa da ita, suna jingina tsintsiya a jikinta, sannan su ce ni ce mai neman fitina.

Ina tsaye ina huci sai na ji an ja mini gefen mayafi. Allura ce, jikar Iya, 'yar shekara goma sha ɗaya, siririya kamar sunan da aka laƙaba mata.

"Anti, Iya tana kira."

Iya Mai Keke ce ke zaune a ɗakin ƙarshen na ƙasa, daidai saitin tankin. Shekara arba'in tana ɗinki. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar, da ƙafar keken nan ta ciyar da su, ta sa su makaranta, ta binne biyu, ta aurar da uku. Da auren 'yarta ta tsakiya ya mutu, wadda duk muke kira Yaya, sai ta dawo da Allura da ƙannenta 'yan biyu, Iya ta matsar da keken ta shimfiɗa musu tabarma, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Babu mai agogo a gidan da ya kai ƙarar kekenta daidai. Ita ta ɗinka mini rigar makarantata ta farko, ta bar kalmasa mai faɗin yatsu huɗu. Na yi kuka na ce ta yi mini yawa. Ta ce, "Ba ke ta yau na ɗinka wa ba."

Ina son ta. Amma gaskiya ita ce, a lissafina tana cikin masu sakacin. Duk sanda na yi mata maganar bango sai ta ce, "Bangon nan ya girme ki," ta ci gaba da taka keke.

Sati uku ke nan keken ya yi shiru. Ta faɗi a bakin famfo, ɓarin jikinta na dama ya mutu, likita ya ce zuciyar ma ta gaji: kada a motsa ta, kada sanyi ya taɓa ta.

Na same ta a kwance a gadonta, wanda ke manne da bangon nan. Ɗakin yana warin danshi da man keke. Labulen atamfa ya rufe tsagar daga taga zuwa ƙasa. Tabarmar yaran tana can bakin ƙofa, a naɗe.

"Kin gama wa'azin?" ta ce. Bakinta ya karkace, amma maganar tana fita.

"Iya, ko ke kaɗai ki yarda a janye gadon nan."

"Ɗaga labulen."

Na ɗaga. Sama da kanta kaɗan akwai ƙusoshi biyu, ɗaya a kowane gefen tsagar. An ɗaure farin zare tsakaninsu, a miƙe. A jikin ƙusa ta uku kuma ga guntayen zare a rataye, kala-kala.

Na tsaya ina kallo. A makaranta an koya mana a manna siririn gilashi a kan tsaga, idan ya fashe to ginin yana motsi.

"Tun yaushe, Iya?"

"Shekara shida. Zaren da ya fi kowanne rauni nake sa wa. In bango ya matsa, ya tsinke, in ɗaura wani. Ƙirga na jikin ƙusar."

Tara ne.

"Uku a shekara biyar. Shida tun da aka ɗora tankin."

"Kuma kika yi shiru? Kina ji suna mayar da ni mahaukaciya?"

"Na faɗa wa Wakili tun kina makaranta. Ke da takardarki ba a ji ki ba, sai tela? In na tayar da hankalin gida, ina za su? Ina zan kai yaran nan?" Ta numfasa. "Sai na mayar da su bakin ƙofa, ni na kwanta a nan. In ya yi magana, ni zan fara ji."

Na juya na dubi tabarmar yaran a bakin ƙofa.

"Ba don wannan na kira ki ba. Tun da na kwanta hannuna ba ya kai wa. Kullum da safe ina tambayar uwar yaran nan, ta ce zaren yana nan. Sati uku, ga wannan ruwa, a ce bai tsinke ba? Kama hannuna ki kai mini."

Na ɗaga hannunta na hagu, mara nauyi kamar na yaro. Ta shafa zaren da ɗan yatsa sau ɗaya. Ta ɗan ja shi. Ya biyo ta, ya koma.

"Wannan ba zarena ba ne."

Daidai nan Yaya ta shigo da butar ruwan zafi. Shara take yi a asibiti, ba ta daɗe da dawowa ba, idanunta jawur. Ta ga labulen a ɗage, ta ga hannun uwarta. Ta ajiye butar a hankali.

"Zaren roba ne," in ji Iya. "Na tattara ƙugun siket."

"Iya…"

"Sau nawa ya tsinke kafin ki sa wannan?"

Yaya ta durƙusa a gaban gadon. "Sau uku. A kwana huɗu. Likita ya ce kada ranki ya tashi. Ba kya barci, kina ta kallon bango. Na ce bari in sa wanda ba zai tsinke ba, har ki samu sauƙi."

Na yaye labulen gaba ɗaya. Watan jiya da na gwada daga waje, yatsana ɗaya ne ke shiga tsagar. Na tura hannu, yatsu huɗu suka shige har tafi. Iska mai sanyi ta taɓa ni daga waje. Yashi yana zubowa a hankali a kan zanen gadon, siriri, ba ya tsayawa. Na kalli sama. Rufin kankaren ya rabu da bangon, har ana ganin ƙarfe.

Shekara guda ina cewa zai faɗi. Sai a lokacin na gane ban taɓa yarda da gaske ba.

"Yau ne?" in ji Iya.

"Ban sani ba. Yana iya zama yanzu."

"Allura, kwashi ƙannenki ku je rumfar mai walda ku sha iska."

Yarinyar ba ta tambayi komai ba. Ta kama hannun 'yan biyun, suka fita cikin ruwa ba takalmi. Ashe an daɗe ana koya musu.

Na juya zan fita in yi ihu. Iya ta ce, "Tsaya. In kika ce gini zai faɗi, wa zai tashi?"

Ranar hutu ce, kusan kowa yana gida. Na san amsar.

"Ki bi ɗaki-ɗaki. Kada ki ambaci bango. Ki ce Iya tana sallama, ta ce a fitar da ita ta ga sarari, tana son ta ga kowa, babba da yaro, a yafi juna."

"Iya, likita ya ce in aka motsa ki…" in ji Yaya.

"Na ji abin da ya ce."

"Ruwa ake yi. Sanyin nan zai kashe ki."

"To kin ga ba a sa yarinya ta yi ƙarya ba ke nan." Ta dube ni. "Ki fara da na sama. Kuma ki sassauta muryar nan taki."

Ban taɓa yin magana a hankali a gidan nan ba sai ranar. Ƙofa bayan ƙofa ina cewa, "Iya tana sallama." Ba wanda ya yi dariya. Matar direba ta sauke tukunyarta ta ɗauki goyo. Mai gyaran rediyo ya fito da riga a hannu. Ina jin takun ƙafafunsu a kan matattakala, kowane taku yana dukan ƙirjina, ina so in ce su taka a hankali, ba dama.

Maza huɗu suka ɗauko ta a kan katifarta, an lulluɓe ta da bargo da leda. Suka tsallaka titi da ita zuwa rumfar mai walda, suka shimfiɗe ta tsakanin ƙofofin ƙarfe da ba a gama ba. Kafin a ajiye ta leɓɓanta sun canza launi. Na buɗe famfon tsakar gida don tankin ya ragu, ko da yake na san sai ya kwana yana zuba, sannan na bi su.

Iya ta sa aka tayar da kanta. Ta bi fuskoki da ido, bakinta yana motsi. Kowa a gidan ta taɓa auna shi.

"Ina mai ƙugu arba'in da shida?"

"Ga ni, Iya," in ji direba. "Arba'in da huɗu ne."

"A bakinka." Wasu suka yi dariya da hawaye. Ta ci gaba da ƙirga. Sai ta tsaya. "Ina mai dogon hannu?"

Baba Maigadi. Aikin dare yake yi, da rana yana barci, kuma kunnensa ya yi nauyi. Ɗakinsa yana sama, a kan na Iya. Na buga masa ƙofa ɗazu, da bai amsa ba na ɗauka ba ya nan.

Iya ta juyo da kai. Ni kawai ta kalla.

Titin nan taku goma sha biyu ne. Ban san yadda na tsallaka shi ba. Gidan da ba kowa yana da wani irin shiru, sai ƙarar famfo da ruwan sama. A kan matattakala na fara jin ɗayan sautin, can cikin bango, kamar mutum yana tauna tsakuwa. Ya yi, ya tsaya, ya sake yi. Wani ɓallin siminti ya faɗo ya fashe a gabana. Na tsaya a hawa na bakwai. Na san nauyin abin da ke saman kaina, na san kaurin abin da ke riƙe da shi. Da ban yi karatun ba da na fi samun ƙarfin hali.

"Wuce mana, Injiniya." Mai walda ne a bayana, da ƙarfe a hannu. "Na ga fuskarki tun ɗazu. Ba sallama kaɗai ba ce, ko?"

"A'a."

"To mu yi sauri."

Ƙofar Baba ba a kulle take ba, amma ta ƙi buɗuwa. Bangon ya danne ta daga sama. Mai walda ya zura ƙarfe ya danna. Ƙarar da ta yi sai da na rufe ido, na ce shi ke nan, mu muka ƙarasa shi. Ta buɗe rabi. Baba yana zaune a bakin gado, ƙura a kansa fari fat, yana neman hularsa.

"Iya tana sallama, Baba," na faɗa a kunnensa.

"Wa?"

"Iya Mai Keke."

Ya bar hular.

Da muka dawo rumfar, Iya ta dubi Baba, ta rufe ido na ɗan lokaci. "Talatin da uku, mun cika," ta ce. Sannan ta fara.

Ɗaya bayan ɗaya take kiran su, kuma ba ta sauri. Ta nemi gafarar matar direba a kan wata riga da ta ƙona mata da dutsen guga shekara tara da suka wuce. Ta tuna wa mai rediyo ranar da aka haifi ɗansa, ba ko zanen goyo, ta yanka labulenta. Ta sa Umma ta ba da labarin yadda na yi kuka a kan kalmasa. Numfashinta yana yankewa, ta huta, ta kira na gaba. Duk wanda ya yi alamar tashi, sai ta ce, "Kai ne na gaba, zauna." Azahar ta yi, maza suka yi salla a gefen rumfar. Ni ina tsaye a bakin titi, rabin idona a kanta, rabi a kan tankin.

Wajen ƙarfe uku mutane suka fara gajiya. Yara suna kukan yunwa. Ginin yana tsaye kamar kullum. Sai ga Wakili.

"Mene ne haka? Wa ya fito da mara lafiya cikin ruwa? Wa ya bar famfo a buɗe?" Ya juyo kaina. "Aikinki ne wannan. Jama'a, kowa ya koma ɗakinsa, a mayar da baiwar Allah nan gadonta."

Wasu suka fara miƙewa. Na buɗe baki, na ji tsohon ihun yana tahowa, na san kuma in ya fito sun tafi.

"Ɗan nan," in ji Iya. "Zo."

Ya durƙusa. Ta kama wuyan hannunsa da hannunta mai rai.

"Na zage ka a raina ba sau ɗaya ba. Ka yafe mini."

"Haba Iya. Na yafe. Ni ma ki…"

"Zauna tukun. Ban gama da kai ba."

Ba ta ƙara ce masa komai ba, ba ta kuma sake shi ba. Ya zauna a kan garwar fenti, hannunsa a nata. Ba mai iya fizge hannu daga mai mutuwa a gaban mutum talatin. Waɗanda suka miƙe suka koma suka zauna.

Ta juya ga Yaya, wadda tun safe ba ta ɗaga kai ba.

"Ke kuma kukan me?"

"Ni na jawo, Iya. Da ban canza shi ba, da tun tuni…"

"Da tun tuni me? Da na ƙara ɗaura wani." Ta yi ɗan murmushi da rabin bakinta. "Sati biyu na yi barcin da ban yi ba a shekara shida. Allah ya yi miki albarka. Ki rage wa 'yan biyu wandunansu, suna cikin leda a ƙarƙashin… a'a. Bar su. Kada wanda ya koma."

Bayan la'asar kaɗan ta yi kalmar shahada, Yaya tana tayawa. Ruwan ya tsagaita. Ba mu san daidai lokacin da ta cika ba, sai da Wakili ya ce a hankali, "Ta sake ni."

Umma ta share hawaye ta ce a ɗauke ta a kai ɗakinta a gyara ta. Maza suka kama gefen katifar.

"Iya ta ce in an fita shan iska, ba a komawa sai ta ce a koma," in ji Allura.

Wakili yana kallon wuyan hannunsa, inda sawun yatsunta bai ɓace ba. Ya ɗaga kai ya kalli benen, ya daɗe yana kallo.

"A kai ta gidan mai walda," ya ce. "Kowa ya tsaya nan tukuna."

Ana cikin yi wa Iya wanka ne. Matar direba ta ce ita dai za ta ɗauko wa jaririnta zane, har ta kai tsakiyar titi. Babu wata babbar ƙara da farko. Tankin ne ya karkata, kamar mai leƙen wani abu a ƙasa. Sannan kusurwar gidan ta zauna, ɗakin Baba ya shige cikin na Iya, ruwa da ƙura suka bugo har cikin rumfar. Matar direba ta tsaya a inda take, goyonta yana barci.

Washegari jami'ai suka zo da manyan takalma, suka zagaye wurin da igiya. Ɗaya ya gaya wa masu ɗaukar labari cewa an yi sa'a, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Na ce masa an rasa, kuma takarduna suna ofishinsu. Ya ce in rubuto a rubuce. Na rubuta. Ina kan rubutawa.

An ba mu azuzuwa biyu a wata makaranta mu zauna kafin a san yadda za a yi da mu, mata ɗaya, maza ɗaya. A kwana na uku da safe na ji ana ƙwanƙwasa bango. Allura ce, da dutse a hannu, a tsaye a kan benci. Kusa da allo akwai wata 'yar tsaga da ni ma ban lura da ita ba, ba ta fi silin gashi ba. Ta riga ta kafa ƙusa ɗaya, tana kan ta biyu.

Ta zaro zare daga kalmasar rigarta, ta gwada shi a tsakanin yatsu, ta ja har ya tsinke. Ta gyaɗa kai, ta zaro wani.

"Anti, riƙe mini nan."

Na sa yatsa. Ta ɗaure, ta sunkuya ta cije ragowar da haƙori. Sannan ta sauko, ta ja tabarmar 'yan biyu zuwa bakin ƙofa.